KALLON MAKAƊA A FILI: MA'AUNAI BIYAR GA MUSULMI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu ji da gani da zukata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, a wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan wani al'amari wanda da wuya a sami gidan da bai shafa ba a ƙasashen Yauri da Ngaski da Shanga, watau zuwa filin makaɗa domin kallo. Kowa ya sani da zarar an kai shinkafa gida, an sayar da albasa, masunta sun sami ɗan abin hannu, sai bukukuwa su kankama. A nan ajo, a can kalankuwa, a gaba dambe ko kokawa, a cikin Yelwa kuma ga 'yan zamani da manyan lasifiku waɗanda ake jiyo ƙararsu daga wancan ƙetaren ruwa. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar kiɗa ba ce. A Yauri ne Aliyu Dandawo, wanda ya yi wa Sarakunan Kabi waƙa a Argungu, ya zo ya zauna, ɗansa marigayi Alhaji Sani Aliyu Dandawo ya gaje shi har sunansa ya zagaye ƙasar Hausa. Saboda haka malamin da ya ƙi taɓa wannan magana ya bar jama'arsa cikin duhu a kan abin da suke yi kullum.

Da farko ya kamata mu san cewa jin waƙa a rediyo ko a waya dabam, tsayawa gaban makaɗi a fili dabam. Wanda ya taɓa halarta ya san haka. Fitilu sun haska, 'yan amshi sun jeru, kalangu yana magana kamar mutum, sanƙira yana kirarin wane jikan wane, jama'a ta ɗauki sowa gaba ɗaya. A wannan lokaci sai ka ga dattijo mai furfura, wanda ko dariyarsa ba a cika gani ba, ya miƙe yana rausaya, hannunsa yana cikin aljihu. Larabawa suna da kalma ta musamman ga wannan hali, suna ce da shi ɗarabu. Malaman lugga sun fassara ɗarabu da cewa wani sauƙi ne, ko rashin nauyi, da yake kama mutum saboda tsananin murna ko tsananin baƙin ciki. Mu mutanen bakin ruwa mun fi kowa gane wannan fassara, domin mun san abin da iska take yi da kwalekwalen da babu kaya a cikinsa. Zuciyar mai kallo haka take zama, duk inda makaɗi ya kaɗa ta nan za ta nufa, ko alheri ko akasinsa. Malaman fiƙihu kuma sun bambance tsakanin sama'u da istima'i, watau ji da saurare. Wanda yake wucewa kiɗa ya shiga kunnensa ya ji ne kurum. Wanda kuwa ya yi wanka, ya sa riga, ya biya kuɗin jirgi ya tafi fili, wannan ya saurara da niyya, kuma ayyuka da niyya suke tafiya. Allah Ta'ala Ya sanar da mu a Suratul Isra'i, aya ta 36, cewa ji da gani da zuciya kowannensu abin tambaya ne.

To, mene ne hukuncin kiɗan kansa? Gaskiyar magana ita ce malamai sun yi saɓani tun da daɗewa, kuma amana ce a faɗi haka. Mafi yawansu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi, wanda muke kira bandiri. Hujjarsu ita ce aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala domin ya ɓatar da mutane daga hanyar Allah, Abdullahi ɗan Mas'udu kuwa ya fassara wannan zance da waƙa. Sun kuma kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari, wanda ya ambaci wasu mutane da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. A cikin Risala, wadda yaranmu suke karantawa a zaure, Ibnu Abi Zaidin ya hana mutum ya saurari kayan shagala da waƙa da gangan. Sai dai Ibnu Hazmin na Andalus, wanda ya rasu a shekarar 1064, ya soki isnadin hadisin nan ya halatta kiɗa, ko da yake malaman hadisi irin su Ibnus Salahi sun mayar masa da martani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan saurare, inda ya nuna cewa hukuncin yana bin halin mai waƙa da mai saurare da abin da ake faɗi da irin kayan da ake kaɗawa.

Haka kuma ya inganta cewa ranar Idi Sayyidina Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, ya tsawata masu, Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi ya ƙyale su domin ranar murna ce. Ya inganta cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci, Annabi yana tsaye yana kare Nana A'isha tana kallo har ta gaji don kanta. Wannan asali ne babba ga wasannin jarunta irin tseren jirage na bikin Rigata da aka gada daga Gungawa, muddin an tsare iyakokin Allah. A ƙasarmu kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba cikin halayen mulkin da ya yaƙa, amma ya yarda da buga tambari domin tara runduna ko sanar da tashinta ko isowarta da makamantan haka.

Ya ɗan'uwa, in ka bi masu hani ka zauna gidanka, ka kama abin da ya fi tsira, babu mai zarginka. In kuwa ka ce ka bi masu sassauci ne, to, ka sani su ma ba su sake maka linzami ba. Akwai abubuwa biyar waɗanda mai hani da mai halattawa duka suka haɗu a kansu, kuma da su ne za ka auna kowane fili.

Na farko, maganar da take fita daga bakin mawaƙi. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W.) ya zo bikinta, 'yan mata suna buga duffi suna ambaton iyayensu da aka kashe a Badar. Da ɗayarsu ta jingina wa Annabi sanin abin da zai faru gobe, nan take ya hana ta, ya ce ta koma ga abin da take faɗi da farko. Dubi wannan adalci: bai tashi taron ba, amma bai bar kalma ɗaya ta ɓata ta wuce ba. To, ina ga filin da ake gaya wa mutum ɗan'adam cewa shi ne mai bayarwa mai hanawa? Ina ga zambo, inda ake tone asirin wani a gaban ɗaruruwan mutane don kawai abokin gabarsa ya biya? Zambo giba ce da aka sa wa kalangu, wanda ya yi dariya kuwa ya ci rabonsa na naman. Waƙar da take zuga manomi ya riƙe garma, ko take kiran sarki ga adalci, ko take horon yara da neman ilmi, ba a haɗa ta da waƙar batsa a ma'auni ɗaya.

Na biyu, salla. A Madina an yi wani lokaci na ƙarancin abinci, sai ayarin Dihyatul Kalbi ya iso daga Sham ranar Juma'a, aka buga ganga, mutane suka fice daga masallaci Annabi yana tsaye yana huɗuba, har ba a bar kowa ba sai mutum 12. A kan haka aya ta 11 ta Suratul Jumu'a ta sauka. Waɗannan sahabbai ne, yunwa ce ta kore su, duk da haka aka yi masu faɗa daga sama. Mu kuwa fa? A fara wasa bayan Isha'i, a kai har kiran assalatu, sa'an nan mutum ya faɗi kan tabarma kamar gawa, sai hantsi. Masuncin da yake iya tashi cikin sanyin hunturu ya duba koma tun kafin gari ya waye ba shi da hanzarin da zai kawo wa Allah a kan sallar Asuba.

Na uku, cuɗanyar maza da mata. Wannan yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya fi yin wa'azi a kansu. Kiɗan da sunna ta yi rangwame a kansa wurin aure domin bayyana auren ne da faranta wa amarya. Amma a tara samari da 'yan mata cikin dare, a bayan gari, ga kayan maye suna yawo hannu da hannu, ga wayoyi suna ɗaukar hoton 'yar mutane tana rawa, gobe a watsa wa duniya, wannan babu malamin da ya taɓa halatta shi, na da ko na yanzu. Uban da ya bar 'yarsa ta tafi irin wannan wuri ya tuna shi makiyayi ne, za a tambaye shi kiwonsa.

Na huɗu, dukiya. Kyauta halin kirki ce, amma karin da ake yi don a ji suna, ko don a kunyata wane, riya ce da almubazzaranci, Suratul Isra'i kuwa ta kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu a aya ta 27. Muslim ya ruwaito daga Miƙdadu umurnin Annabi na a watsa ƙasa a fuskar masu wuce iyaka wurin yabo. Sau nawa magidanci yake zubar da kuɗin buhunan shinkafa a dare ɗaya, alhali ana bin sa bashin taki, ɗansa kuma an koro shi daga makaranta? Suna da aka saya da daddare ba ya cika tukunya da safe. Liƙi kuwa, watau watsa takardun kuɗi ana tattaka su, ko dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana shi, ta tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000 ko duka biyu.

Na biyar, kuma shi ne ya fi shafarmu mu mutanen bakin tafki, rayuka. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya faɗaɗa, ya haɗiye gungaye da garuruwa, ya bar kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa waɗanda ido ba ya gani ko da rana, balle da dare. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, sa'ad da jirgi ya nutse kusa da Wara da mutane fiye da 100, mafi yawansu ba su fita ba. Waɗannan bayin Allah neman halal suka fita da rana, Allah Ya jiƙan su. A watan Yuni 2023 kuma, a yankin Patigi na Jihar Kwara, a wannan kogi namu na Kwara, mutane fiye da 100 suka halaka a jirgi suna komowa daga bikin aure cikin dare. To, yaya mai hankali zai yarda a tashi daga filin wasa da ƙarfe uku na dare, a cika jirgi maƙil da mata da yara, babu fitila, babu rigar ceto, matuƙi kuwa ya kwana yana rawa? Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a kafa hujja da ita bayan an yi sakaci, a ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan a yi tawakkali.

Saboda haka ina kira ga mai biki ya sa wasansa tsakanin La'asar da Magariba, ya raba wurin maza da na mata, ya kuma tanadi masauki ga baƙin ƙetare su kwana sai gari ya waye. Ina kira ga hakimai da masu unguwanni da sarakunan ruwa su hana jirgi tashi da dare bayan taro, ko na wane ne. Makaɗa da mawaƙa kuwa, ku 'yan'uwanmu ne, tare muke sahu a masallaci. Allah Ya ba ku harshen da jama'a take saurare fiye da yadda take sauraren mai wa'azi, kuma duk wanda aka ba da yawa, da yawa za a tambaye shi. Ku tsaya in an kira salla, ku bar zambo da batsa, ku ƙi kuɗin wanda yake so ku ci mutuncin ɗan'uwansa. Mu malamai kuma mu bayyana wa mutane saɓani yadda yake, kada mu kafirta Musulmi a kan mas'alar da magabata suka yi saɓani a cikinta, kada kuma mu yi shiru a kan ɓarnar da suka haɗu a kan hana ta.

Kai kuma mai karatu, kafin ka sa takalmi ka nufi fili, jera wa kanka waɗannan biyar: me za a faɗi, ina sallata, da wa zan tsaya, kuɗin wa zan kashe, ta yaya zan komo. In ɗaya daga cikinsu ya karkace, zaman gida ya fi maka alheri.

Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.