Mu daina jifan masu sulhu

Wata muguwar ɗabi'a tana yaɗuwa a Mirriya, daga majalisun dare har rumfunan kasuwar Lahadi. Duk wanda ya buɗe baki ya ce gara Nijar da Nijeriya su zauna su daidaita, nan take a kira shi maci amana, ko ɗan koren Turawa. Saƙonnin murya na WhatsApp cike suke da zagin mutanen ƙetaren iyaka, kuma har da masu furfura cikin masu turawa. Jama'a, mu ji tsoron Allah!

Ƙasar Damagaram ta san abin da gaba da Kano take haifarwa. A zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, rundunarsa ta kutsa ƙasar Kano har Gezawa, lokacin Sarkin Kano Alu. An kashe maza, an ƙone garuruwa, an kwashi bayi, kuma sarakunan biyu ba su zauna sun ƙulla amana ba. Wani ne daga waje ya raba faɗan, ta hanyar haɗiye su duka. Faransawa suka ci Zinder a 1899 bayan karon Tirmini, Ingilishi suka ci Kano a 1903, sannan suka shata mana iyaka yadda ta yi musu daɗi, ta ratsa gonaki da zuri'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zaman lafiyar da muka tashi muka tarar kuwa gina shi aka yi. Tun 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, a 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suke tarayya a kai. Aiki ne na takardu da dogon zama, ba kiɗa ba kirari, shi ya sa matasa ba su san da shi ba.

Ba na musun cewa an cuce mu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wuta, aka yi barazanar yaƙi. Magani ya yi wuya, abinci ya yi tsada, talaka ya ji a jikinsa. Fushin nan halas ne. To amma su wa suka tashi tsaye lokacin da ganga ta fara zafi? Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi sun zo Yamai. Malamai sun zo. A watan Agusta, Muhammadu Sanusi na Biyu, ɗan gidan sarautar Kano, ya gana da jagoran mulkin soja Janar Tiani tare da Sarkin Damagaram. Jikokin waɗanda suka yi wa juna ruwan kibau ne suka shiga ɗaki ɗaya neman sulhu. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Irin waɗannan mutane ne yau ake koya wa ƴaƴanmu su raina. Yaron da ya girma yana jin cewa Bakano abokin gaba ne, ranar da aka miƙa masa bindiga ba zai tsaya tambaya ba, alhali wataƙila gwaggonsa tana aure a Daura.

Liman, ka faɗa a huɗuba. Mai unguwa, ka tsawatar a majalisa. Kai kuma mai waya, in saƙon zagin nan ya iso gare ka, goge shi, kada ya wuce ta hannunka.