Taki Ɗaya Tsakanin Tarago da Dakali

Ku karanta Markus sura 2. Mutum huɗu suka ɗauko wani shanyayye zuwa wurin Ubangiji Yesu a Kafarnahum. Suka tarar taro ya toshe ƙofa. Ba su ce masa ya yi haƙuri sai wata rana ba. Suka hau bisa, suka buɗe rufin ɗakin, suka saukar da shi a gaban Mai Ceto.

Ga wani labari na zamaninmu. A watan Agusta na 2024 Tanni Grey-Thompson ta iso tashar King's Cross a birnin Landan da dare. Wannan mace tana tafiya a keken guragu, ta ci lambar zinariya 11 a wasannin naƙasassu na duniya, 'yar Majalisar Dattawan Ingila ce kuma. Tsakanin tarago da dakalin tasha akwai rata, mai keke ba ya sauka sai ma'aikaci ya kawo 'yar gadar ƙarfe ya shimfiɗa. Ta jira, ba wanda ya zo. Daga bisani ta sauka da rarrafe. Kamfanin jirgin ya roƙi gafara, amma abin ya riga ya faru.

Ku lura fa. Ingila ta kafa dokar hana wulaƙanta naƙasassu tun 1995, duk da haka mace mai girma ta yi rarrafe. In wannan ya sami wadda duniya ta sani, ina ga talaka? Doka tana da kyau, amma doka ba ta da hannu. Nijeriya ma ta sami tata dokar a 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024.

Kai ma'aikacin jirgin ƙasa, taki ɗaya da kake tsallakewa ba tunani, ga ɗan'uwanka ganuwa ne. Kai fasinja, kada ka kau da kai. Ka tambaye shi irin taimakon da yake so, gama keken nan ƙafafunsa ne, ba a kama shi sai da izini.

Mu kuma dattawan ekklisiya, matakala nawa ke bakin ƙofar majami'armu? Wane ne ya daina zuwa sujada sabili da su? Waɗancan huɗu sun fasa rufi. Mu buhun siminti kaɗan ya ishe mu.

Ubangiji ya ba mu ido mai gani da hannu mai aiki. Amin.