BIZA ALƘAWARI CE, MASAUKI KUWA AMANA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, da wuya a samu unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai wadda ba ta da wani nata a ƙasar Saudiyya. Wani karatu ya kai shi, wani neman abinci, wani kuwa Umra ya tafi yi, shekara da shekaru ke nan bai komo ba. Kakanninmu sun yi wannan tafiya da ƙafa da jakuna, ta Cadi da Sudan, har su haye Bahar Maliya, suna noma da ƙodago a hanya. Wancan zamani ya wuce. Yau kowace ƙasa tana da ƙofa, kowace ƙofa tana da mai tsaronta. Don haka muka ga ya wajaba mu yi wa junanmu nasiha a kan abu biyu da mai niyyar daɗewa a can ba ya rabuwa da su: takardar izinin shiga, wato biza, da wurin da zai sa haƙarƙarinsa.

Matsayin biza a shari'a

Wasu suna cewa ƙasa ta Allah ce, Makka ta kowane Musulmi ce, biza kuwa ƙirƙirar Nasara ce. Gaskiya ne ƙasa ta Allah ce. Gidan maƙwabcinka ma na Allah ne, amma a cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana mu shiga gidajen mutane sai da izini, an kuma umurce mu da komawa idan aka ce mu koma. Malaman fiƙihu sun daɗe da buɗe babi a kan amana, wato izinin da ake ba baƙo ya shiga ƙasa na ɗan lokaci bisa sharaɗi. Biza ita ce wannan izini a rubuce. Ranar da ka sa hannu, ka ɗora yatsunka a na'ura, ka karɓi sharaɗin cewa za ka fita kafin kwanakinka su cika. Ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa umurni ce ga muminai da cika abin da suka ƙulla.

Mu dubi abin da ya faru da Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Allah ya yarda da su. Ƙuraishawa sun tare su a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawari ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso, ga yaƙin Badar ya taso, Musulmi ɗari uku da ƴan kai ne kawai, kowane mutum guda ana bukatarsa. Duk da haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da su, ya zaɓi a cika wa mushirikai alƙawarinsu. To, in an cika alƙawarin da aka yi wa maƙiyi a ranar Badar, da wace hujja za mu karya wanda muka yi wa hukumar Musulmi mai hidimar Harami?

Kowace biza da iyakarta

Bizar Umra ta ibada ce. A shekarar 2022 aka tsawaita ta daga kwana 30 zuwa kwana 90, amma ba ta halatta aiki, ba ta kuma halatta Hajji. Kowace shekara ana yanke ranar da masu Umra za su fice kafin aikin Hajji. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida, daidai da 29 ga Afrilu. Wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, hukuncin da ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya ta bayyana a wannan shekara ya kai tarar riyal 50.000, wato sama da miliyan 7 na sefa, da ɗauri har wata 6, sannan a koro shi.

Hajji kuwa da izininsa dabam. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasashen Musulmi suka yarda a ba kowace ƙasa kujera 1.000 a kan kowane mutum miliyan ɗaya, kuma a nan Nijar hukumar COHO ce ke kula da wannan aiki. A watan Afrilu na 2024 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba, mai yin haka ya yi zunubi. Bayan wata biyu duniya ta ga dalili. Zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1.301 suka rasu, kuma ministan lafiya na ƙasar ya ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. Ba su da tanti mai sanyi a Arfa da Mina, ba su da mota, sun yi ta tafiya da ƙafa cikin rana suna gudun ƴan sanda. Muna roƙa musu gafara. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Hajjin 2025 an sa tarar da ta kai riyal 20.000 a kan mai Hajji babu izini, da hana shi shiga ƙasar shekara 10. Allah bai wajabta Hajji ba sai ga mai iko, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya amincin rai da dukiya yana cikin ikon. Wanda bai samu kujera ba, babu laifi a kansa.

Mai son zama na dogon lokaci, hanyarsa ita ce iƙama. Ɗalibi ya nemi gurbi tun yana gida, ya jira takardar karɓa. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ba ɗalibanta masauki da ɗan kuɗɗin wata, sai dai mai son kai iyali zai nemi izini dabam da gida dabam. Mai neman aiki ya karanta yarjejeniyarsa kafin ya tashi, ko ya sa amintacce ya karanta masa: wane aiki, wane gari, nawa ne albashi, wa zai ba da ɗaki. A guji bizar da dillalai ke ce wa “hurra”, wadda kafili zai sayar maka da sunansa ya sake ka ka nemi aiki inda ka ga dama. Yi wa wani aiki ba wanda sunansa ke kan iƙamarka ba laifi ne a dokar ƙasar, kuma kai za a kama.

Maganar masauki

Da Annabi ya isa Madina, ya sauka a gidan Abu Ayyuba al-Ansari da yardar mai gida. Filin da ya gina masallaci a kansa na marayu biyu ne, ya kuma ƙi karɓarsa kyauta, sai da aka biya. Abdurrahman ɗan Aufu, da ɗan'uwansa na Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Wannan ita ce sunnar baƙunci.

Mu kuwa me muke yi? Mutum ya tashi da lambar wayar wani ɗan garinsu kawai, ya je ya faɗa masa a ɗaki guda da mutum takwas. Haƙƙin baƙo a Musulunci kwana uku ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Yau ƙuntatawar ta wuce ta tuwo. A lokacin Hajjin 2025, mai ɓoye masu bizar ziyara a gidansa a Makka tararsa ta kai riyal 100.000. Ka ga ke nan baƙo marar takarda garwashi ne a aljihun ɗan'uwansa.

Tun watan Yuni na 2025 aka shar'anta cewa ba a ba da bizar Umra sai an tabbatar da masauki a tsarin Nusuk. Don haka kafin ka biya ajans, ka nemi sunan otal ɗin a rubuce, da nisansa da Harami, da yawan mutanen ɗaki, da adadin kwanakin da aka biya. Mai iƙama da zai kama gidan haya, ya tabbata an shigar da yarjejeniyar a tsarin gwamnati mai suna Ejar, domin ita ce hujjarsa in rigima ta tashi. Ya kuma sani sau da yawa ana neman kuɗɗin wata shida ko na shekara a dunƙule. Fiƙihu ma bai yarda da haya ba sai an san kuɗɗinta an san wa'adinta, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kariyar zumunci ne.

Marar iƙama ba shi da wannan kariya. Sai ya raɓe a lungu, a ƙara masa kuɗɗi ya yi shiru, a kore shi ya yi shiru. Daga 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama a Jidda, cikinsu har da Karantina da Gulel da Sabil, inda mutanenmu da yawa suka daɗe suna zaune. Ɗan haya marar takarda bai da bakin neman komi. Ƙarshen irin wannan zama sau da yawa shi ne gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, daga nan a ɗoro mutum a jirgi da kayan jikinsa. Mafi ban tausayi su ne ƴan'uwanmu mata da ke aikatau a ɓoye, ba su da inda za su kai ƙara in an cuce su, da yaran da ake haifa a can ba takardar haihuwa, makaranta ta gagare su, asibiti ya zama abin tsoro. Wane lada ne ke cikin maƙwabtaka da Ka'aba alhali an bar ƴaƴa babu asali a can, an bar iyaye babu mai kula a nan?

Abin da ya hau kanmu

Akwai mutanen Yaman da suke zuwa Hajji babu guzuri, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun isa Makka sai su shiga bara. A kansu aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin yin guzuri. Guzurin yau ya haɗa da fasfo mai sauran aƙalla wata 6, da katin allurar shawara da sanƙarau, da tikitin dawowa, da kuɗɗin masauki, da abin da za a bar wa iyali. Ka ajiye hoton takardunka a gida, ka san inda ofishin jakadancinmu yake, kada kuma ka bar fasfonka a hannun kowa.

Ku kuma masu ajans da dillalai, ku ji tsoron Allah. Wanda ya karɓi kuɗɗin gonar talaka ya ba shi bizar Umra yana ce masa zai samu Hajji ko aiki da ita, ya ci haram, kuma duk abin da ya sami bawan Allah nan a can yana da kamasho a ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Limamai da shugabannin rassa, ku karanta wa jama'a wannan nasiha bayan salla, musamman tsofaffi da mata waɗanda ba sa karatun boko. Wanda yake can a halin yanzu babu takarda, ƙofar tuba a buɗe take: ya nemi hanyar gyara zamansa ko ya dawo gida da mutuncinsa. Annabi ya koya mana cewa tafiya yanki ce ta azaba, matafiyi in ya gama bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa.

Ya Allah ka kai mu ɗakinka ta hanyar halal, ka maido mu lafiya. Ka tsare matafiyanmu, ka jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ka sanya mu cikin masu cika alƙawari. Ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.