Gobara: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

In hunturu ya kankama, ciyawar da ke bayan ganuwar Zariya takan bushe ƙayau. A lokacin nan ne manomi kan sa wa gona wuta don ya huta da sassabe, makiyayi ya ƙona daji don sabon tsiro ya fito wa shanu, yara kuwa su cinna wa ramin gafiya. Iska ta ɗauki tartsatsi guda, ta jefa bisa dangar kara ko jinkar rumbu a wajen Ƙofar Gayan. Kafin a ɗebo ruwa, abincin shekara ya zama toka.

Maƙwabta su zo jaje, su ce haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne, amma ƙaddara ba ta wanke mai sakaci. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ce wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi, ta ci dukiyar wani, to, biya yana wuyansa.

Sai dai sau da yawa mai laifin ba a san shi ba, ko kuwa ba shi da ko anini. To, wa zai ɗauki hasarar? Bisa al'ada akan yi gudummawa: wannan ya kawo dami, wancan azara. Mutanen Ingila kuwa, da gobarar 1666 ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan, sai suka kafa inshorar gobara, watau kowa ya riƙa zuba ɗan kuɗi tun ana lafiya, a biya wanda ta shafa. A Nijeriya an fitar da ƙa'idodin takaful a 2013, wato irin wannan taimakekeniya bisa tsarin Musulunci.

Amma ita ma inshora tana da iyaka. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wutar daji ta yawaita har waɗansu kamfanoni suka daina karɓar sababbin gidaje a 2023. A Janairun 2025 kuma wuta ta cinye gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Anjeles. Ashe asusu, kome girmansa, ba ya iya ɗaukar sakacin gari duka.

Saboda haka gudummawar da ta fi kowace ita ce wadda akan yi tun wuta ba ta tashi ba: a share kewayen gida da rumbu, a bar ƙuna sai iska ta kwanta, a kwaɓi yara. Mai hankali in ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ruwa yakan shafa wa nasa.