Suna ɗaya, kaya uku

A ƙamus na Ingilishi, kalmar «pitta» tana ɗauke da kaya uku da ba su haɗa kaka ba. Na farko tsuntsu ne mai gajeren wutsiya da ke kiwo a ƙasa cikin dazukan Asiya, Ostareliya da Afirka. Indiyawa na ƙirga launi tara a jikin nasu. Bafaranshe Louis Vieillot ya shigar da sunan cikin kimiyya a 1816, daga harshen Telugu, inda yake nufin ɗan tsuntsu kawai. Na biyu gurasar alkama ce ta Girka da Gabas ta Tsakiya, wadda tururi ke kumburawa a tanderu har cikinta ya zama aljihu.

Na uku ne mai nauyi. A likitancin Ayurveda na Indiya, pitta, wato matsarmama a harshen Sanskrit, ɗaya ce daga ɗabi'u uku na jiki, tare da vata da kapha. Wanda ta rinjaya, in ji masu wannan ilimi, matsakaici ne a jiki, mai ci, mai saurin fushi.

Tsuntsu bai san sunansa ba, balle gurasa. Suna ba ya rage su da komai. Mutum kuwa yana ji. In aka ce masa fushi halittarsa ce, an ba shi uzuri, an kuma yanke masa ƙaunar gyaruwa. Malamin da ya laƙaba wa ɗalibi «mai zafin rai» tun watan farko, zafin ran zai ta gani har ƙarshen shekara, har a ranar da yaron ya haɗiye fushinsa ya yi shiru.