Mace Mai Juna Biyu da Wanda Take Yi wa Aiki

Akwai wata malamar makarantar kuɗi a Birnin Kebbi da ta ɓoye cikinta har wata biyar, tana ɗaure shi da zane, saboda ta ga abin da ya sami abokiyar aikinta: ranar da ta nemi izinin zuwa awo aka ce ta je gida ta huta, ba a kuwa sake kiranta ba. Mai makarantar ɗan Ikkilisiya ne, tare muke karɓar Jibi ran Lahadi.

Ba mu ƙi jin kukansa ba. Zai ce kuɗin makaranta ba ya shigowa a kan lokaci, aji kuma ba ya zama babu malami. Haka mai shago a kasuwar Argungu zai faɗa, haka uwargida mai 'yar aiki. Gaskiya ne akwai hasara. Amma wa ya fi ƙarfin ɗaukarta, mai makaranta ko matar da albashin nan ne abincinta da kuɗin asibitinta?

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin, ta kuma hana a sallame ta cikin hutun. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, bai kamata Kirista ya tsaya a nan ba. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar, cikin Laborem Exercens, cewa a tsara aiki yadda mace ba za ta sayi ci gabanta da barin iyalinta ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan: muna wa'azi a kan zubar da ciki, daidai ne kuwa. To, idan mu ne muka sa mace ta ga cikinta kamar takardar sallama, ba mu da hannu cikin jarabar da za ta zo mata?

Ita kuma 'yar'uwarmu, kada ta kai ga ɗaure ciki. Ta karɓi takardar likita, ta nemi hutunta a rubuce, ta ajiye kwafi. In an ƙi, ta gaya wa Fada ko shugabannin Zumuntar Mata, su tafi tare da ita su sami mai makarantar.