Cinikin Biri a Sama

Duk wanda ya buɗe WhatsApp da safe a nan Sabon Ibadan, kafin ya shanye kokonsa ya zaga kasuwa guda. Wannan ta ɗora atamfa da leshi, waccan turaren wuta da humra, wancan kilishi da dambun nama. Ba kuɗin rumfa, ba dakon kaya, ba shan rana. Mai saye yana Akure ko Fatakwal, ya ga hoto, ya turo kuɗi, a kai masa kaya tasha a saka a mota.

Alherin abin kam ba ya ɓuya. Matar da a da sai ta ɗora wa 'yarta talla ta zaga Mokola, yau tana ɗakinta waya na yi mata tallar, yarinya kuma tana makaranta. Saurayin da ba shi da kuɗin kama shago ya samu abin rufin asiri da Facebook da TikTok. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har waɗanda ke gudun banki sun koyi karɓar kuɗi ta waya. Ba mu zo kushe wannan ba.

Tambayarmu ita ce: ina iyakar gyaran hoto? Mun san yadda ake yi. A kunna fitila mai haske, a goge hoton har atamfar da ta kwana biyu a ɗaki ta koma kamar yau aka sauke ta. A ɗauki kilishi daf da ido, ƙulli ɗaya ya cika fuskar waya. Wani ma ba hoton kayansa ba ne sam, na wani ya kwaso ya ɗora. In ka yi magana a ce maka, "Haba Malam, ai talla ce, kowa haka yake yi."

Mai wannan magana yana da ɗan abin kamawa. Ba wanda ya ce ɗan kasuwa ya fito da hajarsa cikin ƙura. Mai goro yana yayyafa masa ruwa, mai tumatur yana jera nasa tsaf. Amma mai sayen tumatur a Bodija yana da hannu, yana iya tona kwando ya ga na ƙasa. Mai saye ta waya ba shi da hannu, ba shi da hanci. Idonsa ma namu ne, abin da muka ga dama shi muke nuna masa. Hausawa suka ce ba a cinikin biri a sama, to ga shi yanzu kullum shi muke yi, kuma mu ne masu birin.

Iyayenmu sun san irin wannan ciniki. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, shanu ke saukowa daga Arewa, goro na hawa. Mai shanu yakan bar dabbobinsa a hannun mahautan da bai taɓa gani ba, bashi, ya jira kuɗinsa. Me ya ba shi wannan ƙarfin zuciya? Maigidan da ya sauke shi. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke guje-guje, shi ke tsayawa a tsakani, in ciniki ya lalace sunansa ne ya zube, baƙi su daina sauka gidansa. A waya babu maigida. Wanda ya cuci mutum yana iya toshe lambarsa ya kwana lafiya, hoton da aka yi yaudarar da shi ma bayan awa 24 ya ɓace daga status. Ke nan nauyin da maigida ke ɗauka a da ya dawo kacokan a kan mai kaya shi kaɗai.

Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san an halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye, in dai an siffanta shi. Ya kuma san an hana algus da ɓoye aibi. Hoto siffa ce. In ya faɗi abin da ke cikin leda, ciniki ya yi. In ya faɗi abin da babu, mai saye na da hakkin ya dawo da kaya, ko da mun rubuta cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Kuma duk mun ji labarin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Yau saman kwando shi ne hoton da muka ɗora.

Akwai wata kuma da ta zama ruwan dare. Mutum ya sa ƙanwarsa ta rubuto masa, "Kai, wannan humra ban taɓa jin irinta ba," ya ɗauki hoton saƙon ya baza kamar baƙuwa ce ta yaba. Ko ya rubuta "saura biyu kacal" alhali katan na nan a ƙarƙashin gado. Da me wannan ya bambanta da ɗan kore da ke taya saniya a kara, ba don zai saya ba, sai don ya zuga na kusa da shi? Shari'a ta kira wancan najashi, ta hana shi.

Mu da ke zaune a ƙasar wasu, abin ya fi yi mana nauyi. A Kano in ɗan kasuwa ya yi ha'inci, sunansa za a kira. A nan cewa za a yi Bahaushe ya cuce ni. Bayarabiyar da ta buɗe leda ta ga ba shi ba ne, ba shagon mutum ɗaya za ta guje wa ba, har mai canji da mai tsire sai ya shafe su. Yardar da ake yi mana a garin nan gado ce, wasu suka tara ta da guminsu, ba ta mutum ɗaya ba ce balle ya sayar da ita a kan ribar turmi guda.

Masu saye ma kada su ce sun tsira. Turo alat na bogi sata ce. Sa mace ta haɗa kaya ta kai tasha sannan ka kashe waya, zalunci ne.

Ma'aunin da muke ba kanmu mai sauƙi ne. Kafin ka ɗora hoto, ka ƙaddara mai sayen zai kwance ledar a gabanka, a ƙofar masallaci bayan La'asar. In za ka iya kallon idonsa, ɗora. In ka san za ka sunkuyar da kai, sake ɗaukar hoton a hasken rana, ka nuna inda zaren ya zare, ka faɗi yadi nawa ne. Wataƙila cinikin yau ya wuce ka. Amma wadda ta ga abin da ta biya shi aka kawo mata, gobe ita za ta tura lambarka ga ƙawarta, kuma ba za ta karɓi ko sisi ba.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu da cin haram.